Dambun Hajiya ta Bukoki, wata uku kenan can nike cin abincin rana

Salamu alaikum jama'a. Abokan aikina na biro sun dame ni da tambaya ina nike ɓacewa kullum da azahar, to bari in yi bayani gaba ɗaya, ƙila wani ma ya amfana.

Bayan ƙaramar salla na shiga farmasi awon sukarin jini aka huda mini yatsa da sahe ban ci komi ba, na'ura ta nuna 1,18. Na tahi labo na sake, kusan haka ɗin ne. Lokotoro ta ce mini in an auna mutum da yunwa har sau biyu aka ga 1,26 ko sama to ciwon sukari ya tabbata, tsakanin 1,10 da 1,25 kuma mutum yana bakin ƙohwa ne. Wallahi gabana ya hwaɗi, dan ni na yi jinyar babana, ɗan ƙaramin rauni ne a yatsan ƙahwa ya ƙi warkewa har aka kai ga yanke ƙahwar, kuma lokotoron da kanta ta ce wanda iyayenshi suka yi ciwon ya hi kusa da kamuwa. Da ta ce in lissafo abinda nike ci a yini sai na ji kunya, da sahe burodi da Nescafé da madara mai kauri ta gwangwani, da rana hwarar shinkahwa tuli da miya mai tana yawo sama in kora da Coca, da maraice kuma shayin fada na ɗaya na biyu na ukku kowane da sukarinshi. Gwangwanin Coca guda na 33 cl kusan garam 35 na sukari gare shi, alhali OMS, hukumar lahiya ta duniya, cewa ta yi babban mutum kar ya kai garam 50 a yini, in da hali ma ya tsaya wajen 25, wato ƙaramin cokali 6. Ni kam kahin la'asar na wuce wurin.

Na gida da sauƙi, madam ta gyara tukunya. Matsalar abincin rana ce, duk inda ka leƙa kusa da wurin aiki shinkahwa ce ko taliya ko soyayyen abu. Wani ɗan kabu-kabu ne ya nuna mini wurin Hajiya a unguwar Bukoki ta Yamai, ba alama ba suna, rumfar kwano ce da benci ukku da tabarma, in ba an kai ka ba sai ka wuce.

Dambunta da tsakin hatsi take yi, kuma abinda ya burge ni zogalen ya hi tsakin yawa, kana dubawa kore shar, ba irin na wasu wurare da za ka ga ɗan ganye nan da can ba. Mai kuma ba ta kwarara shi, wani ɗan cokali gare ta cikin kwanon man, sai ta ɗago kai ta ce "ɗana guda ko biyu?" in ka ce ukku ta yi kamar ba ta ji ba. Daga baya na ji maigidanta ya daɗe da ciwon, tun lokacin ta canza girkin gidanta, da ta hwara saidawa kuma ta ci gaba a haka. Kopton ta ma ba a magana, zogale da ƙuli-ƙuli da albasa da tumati da ɗan yaji, wani lokacin da kabeji. Akwai wake dahwahhe da ganye, akwai tuwon hatsi miyar kuka ko kuɓewa, ran juma'a tana gasa kihi. Dambu da kopto na dala ɗari yana isata, in na ƙara kihi ya kama jikka, kusan abinda nike kashewa a da ne in an haɗa da kuɗin lemu.

Abinda na lura da jikina, da in na ci shinkahwar nan ƙarhe ukku barci ke ɗibata kan tebur, ƙarhe biyar kuma yunwa ta dawo kamar ban ci komi ba. Yanzu har magariba ina ƙoshe. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, hwarar shinkahwa da hwarin burodi an cire musu dusa, suna shiga ciki nan da nan su zama sukari a jini, jiki ya yi ta hidda insulin, wato sinadarin da ke rage sukari a jini, shekara da shekaru haka ga teɓa na ƙaruwa har jikin ya daina jin insulin ɗin, kuma wanga nau'in ciwon sukari da ake ce ma na biyu shi ne na sama da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon. Wake da ganye da hatsin da ba a surfe sosai ba su a hankali suke narkewa.

To amma ba zan ɓoye aibi ba. Firigonta cike yake da bisap da lemun tsamiya na leda, zaƙi kamar zuma, na gaya mata ta ce "ɗana in babu su samari ba su zama". Na gane kasuwa ce, amma abin na ci mini rai in ga dattijo ya ci kopto lahiya lau ya kora da leda biyu. Miyar ma magi da gishiri sun yi yawa, mai hawan jini ya kula. Sannan yarinyar da ke taya ta hannunta nauyi gare shi, in ita ta zuba tuwo malmala biyu manya za ta ɗora maka, kuma tuwo ko na hatsi ne in ya yi yawa sukari yake zama, haka hurar da take damawa ba sukari, ludayi kaɗan ya isa ba kwarya guda ba.

Satin da ya wuce na sake awo na samu 1,07, bel ɗina ya matsa huda guda. Ba abincin Hajiya kaɗai ba ne, na bar lemu, shayin fada na ɗaya kawai nike sha, kuma ina sabka taksi nesa da gida in taka minti 30 kwana biyar a sati, minti 150 ɗin da OMS ke hwaɗi kenan. Wanda aka riga aka sa ma magani dan Allah kar ya aje shi dan ya samu zogale, ya ci gaba da ganin lokotoronshi.

Ku zo kahin ƙarhe ɗaya da rabi, bayan nan kopto ya ƙare. In za ku tahi da shi biro ku zo da kwanonku, kuma tuwo ku ce Hajiya da kanta ta zuba.