Tsohon tab ɗin nan, a ajiye ko a kai kasuwa?

Anti, na ga tambayarki tun jiya da daddare amma wuta ta ɗauke kuma wayata ba caji, shi ya sa sai yanzu. Kin ce Samsung Galaxy Tab A ne na 2016, mai inci 10 ɗin nan, ya daɗe a durowa, kina so ki san ko ki ba yara ko ki kai kasuwar Terminus ki sayar ki cika kuɗi ki ɗauko sabo. Irinsa ne a gidana, shekara da shekaru muna tare da shi, don haka bari in jera miki su biyun ki gani da kanki.

Kafin komai ki fara duba batirin. Ki kwantar da tab ɗin a kan tebur, in kin ga bayansa ya kumbura ko sikirin ya ɗan ɗago ta gefe to maganar ta ƙare, kada ki sa shi a caji, kada ki ba yaro, batir ɗin litiyom da ya kumbura yana iya kamawa da wuta. Ki kai wa mai gyara ya canza ko ya cire. In lafiya lau yake, sai mu ci gaba.

Ɓangaren sayarwa tukuna. Gaskiya kuɗin da za a ba ki ba wani abin kirki ba ne, masu saye sun san RAM ɗinsa, wato ƙwaƙwalwar da yake aiki da ita, 2GB ne, ma'ajiyarsa ta ciki 16GB ga yawancinsu, kuma Android ɗinsa ya tsaya a 8.1, Samsung ta daina turo masa afdet tuntuni. Sai kin ɗora kuɗi mai yawa a kai kafin ki samu sabo na kirki. Abin da sabo zai ba ki kuwa ba ƙarya: sauri, kyamara mai kyau, caji da Type-C, kuma kusan duk manhajar da kika nema a Play Store za ta shiga. In harkar da za ki yi ta kuɗi ce, wato app na banki, ko kasuwancin atamfa da kike yi ta Instagram da WhatsApp kina turo hotuna kina karɓar tiransifa, to nan tsohon ba ya da ta cewa. Na'urar da ba ta samun gyaran tsaro kamar ɗaki ne da makullinsa ya lalace, ni dai ba zan sa kuɗina a ciki ba, kuma ina roƙonki kar ki sa naki. Ɗan saƙon OTP ma, wato lambar sirrin da banki ke turowa, kar ya riƙa shigowa ta cikinsa.

Amma ki duba abin da sabo mai araha ba lallai ya fi shi ba. Sikirin ɗin tab ɗinki 1920 x 1200 ne, ya fi na ƙananan tab da yawa da ake sayar wa yara yanzu, waɗannan masu roba kala-kala da ba su yin wata shida. Batirinsa 7,300mAh ne tun asali, ko ya tsufa yana iya riƙe caji fiye da tsohuwar waya, sai dai a sanyin Disamba na Jos ɗin nan nakan ga nawa ya faɗo daga kashi 30 ya mutu haka kawai, in ya ji ɗumi kuma ya dawo. Sannan yana da wajen sa memori, wannan shi ne babban abin da ya sa na ƙi rabuwa da shi.

Ga yadda nawa yake aiki a gida. Na yi masa riset ya koma kamar sabo, na goge duk tarkacen da ke ciki, na sa memori 64GB, na zuba karatun Alƙur'ani na Husari da Minshawi cikakke, da littattafan makaranta na PDF, da bidiyoyin lissafi da na sauke lokacin da nake da data, na sa VLC don kallo. Ba sim, ba data, ba Wi-Fi sai ranar da zan ƙara wani abu, shi ma yawanci ta Xender nake turawa daga wayata. Ƙaramar 'yata da shi take maimaita hadda kafin ta tafi Islamiyya, babban kuma da shi ya yi ta bitar tsofaffin tambayoyin JAMB, kuma hankalina a kwance yake don na san abin da ke ciki, ni na zuba da hannuna. Ki kwatanta da ba yaro sabuwar waya mai data, wallahi Anti ba ɗaya ba ne, ga cin kuɗi ga shi ba ki san inda yake shiga ba. Kuma in tsohon ya faɗi ya fashe zuciyarki ba za ta tsinke kamar na sabo ba.

Inda zai ba ki haushi shi ne intanet. Chrome zai riƙa jan ƙafa, Facebook ma haka, sai dai ki sa Facebook Lite, wasu manhajojin kuma za su ce miki ba su dace da na'urar ba, kuma kullum yawansu ƙaruwa yake yi. WhatsApp dai yana aiki a Android 8. Da a ce tsohon iPad ne, misali iPad Air na 2013 da ya tsaya a iOS 12 kuma ba ya cin memori, da zan fi jinkirin ba ki shawarar ajiyewa.

Ni a wurina ki ajiye shi wa yara, kuɗin da za ki cika ki tara ki canza wayarki ta kasuwanci, ita ce ke kawo miki abinci. In kuma kin ƙudurta sayarwa, ki kwashe hotunanki, ki cire asusun Google ɗinki kafin ki yi riset, in ba haka ba zai kulle wa mai saye ya dawo yana nemanki. Ki duba bayan nasa yau ki faɗa min ko ya kumbura.