Hoton MRI da Hoton Ƙashi ga Mai Sankarar Furostet

Idan likita a Gusau ya tabbatar wa dattijo cewa yana da sankarar furostet, wato ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsara, iyalinsa sukan rasa wanne za su fara tara wa kuɗi: hoton MRI ko hoton ƙashi.

MRI yana duba furostet ɗin kansa, ya nuna inda tsiron yake da ko ya keta fatar da ta lulluɓe ƙululun. Ana ba da sakamakonsa da ma'aunin PI-RADS daga 1 zuwa 5, wanda ke nuna yiwuwar cewa abin da aka gani sankara ce mai haɗari. Na'urar mayen ƙarfe ce mai ƙara, don haka wajibi ne wanda aka taɓa sa wa ƙarfe a jiki ya faɗa tun kafin a kwantar da shi.

Hoton ƙashi kuwa aikinsa gano ko cutar ta bazu zuwa ƙashin baya ko ƙugu. Ana yin allura, a jira awa 2 zuwa 3, kuma sau da yawa sai an yi tattaki zuwa Abuja ko Ibadan. Yana da rauni guda: tsohuwar karaya, ko da ta faɗuwa daga babur ce, tana iya fitowa kamar sankara.

Sai dai zafin cutar ba a hoto ake karanta shi ba, a makin Gleason ne, wanda ake samu daga gwajin tsokar da aka gutsuro. Mai maki 6 da PSA (gwajin jini na furostet) ƙasa da 10 galibi ba ya buƙatar hoton ƙashi, amma daga 8 zuwa 10, ko PSA sama da 20, wahalar tafiyar ta cancanta.