Hattara da mai sayar da busta mai baƙin gam a ciki: angulu ce da kan zabo

'Yan uwa makaɗa jita, na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, don ba wanda yake son ya fito fili ya ce an yi masa wayo. Abin da ya sa na fasa yin shiru shi ne, shekaranjiya na sake cin karo da tallar mutumin nan da ya sayar mini da busta ta bogi, wato na'urar ƙara wa jita ƙarfin sauti. Ya canja suna, ya canja fentin akwatin daga ruwan toka zuwa ja, amma maganganunsa suna nan yadda na san su, har da kuskuren rubutun da ya yi a wancan karon. Ke nan yana nan yana farautar wani.

Jitata mai sirarran fikof guda uku ce, wato 'yan na'urorin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, ƙirar Stratocaster. Duk wanda ya riƙe irinta ya san halinta. Idan kana kai kaɗai a ɗaki, sautinta garau yake, gwanin daɗi. Da zarar ganga da bes sun shigo, sai ka ji solonka ya koma kamar zare, kana ta ƙara murya amma kaifi kawai kake ƙarawa. Abin da nake nema shi ne kauri, sauti mai jiki. Ina cikin wannan neman na ga tallar wata fedal, wato ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa don canja sautin jita, wai busta ce kuma firiyam (mai gyara sauti kafin ya shiga amfilifaya) a haɗe, ƙirar hannu, kuma wai a cikinta akwai tsohuwar transista (ɗan kayan lantarki mai ƙara ƙarfin sigina) ta sinadarin jamaniyam, ta shekarun 1960, wadda ba a taɓa amfani da ita ba. Har da hoton cikin akwatin: an malale komai da baƙin gam, sai transista ɗaya tilo mai baƙin jiki ta leƙo a tsakiya, an juya lambarta yadda za ta kalli kyamara, OC44.

Da na tambaye shi dalilin gam ɗin, amsarsa a shirye take. “Yallaɓai, sirrin sana'a ne. Ai ko Klon haka aka yi mata.” Kuma nan ne ya kama ni, domin wannan gaskiya ce. Bill Finnegan, wanda ya fara fitar da fedal mai suna Klon Centaur a Amurka a 1994, yana rufe kayan cikinta da baƙin gam mai tauri don kada a kwaikwaya. Ya yi kusan shekara 15 yana haɗa su da hannu, kimanin guda 8,000, shi ya sa yau tsohuwarta take tsada kamar me. Ɗan damfara mai wayo ba ya ƙirƙiro ƙarya daga sama. Yakan ɗauko gaskiya guda ɗaya da ka riga ka sani, ya jingina ƙaryarsa a jikinta.

Sai bidiyo. Ya buga 'yan layuka fedal a kashe, sauti siriri, ƙasa-ƙasa. Ya taka, sai ka ji kamar an buɗe ƙofa. Na saurara ya fi sau goma. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, ƙarar ce kawai ta ninka. Kunnen ɗan Adam ba ya jin kowane sauti daidai wa daida. Tun 1933 wasu masu bincike, Fletcher da Munson, suka auna wannan: idan ƙara ta yi ƙasa, sautuka masu zurfi ne suke fara ɓacewa a kunne, idan ta ƙaru sai su dawo. Saboda haka duk abin da aka ƙara wa murya zai yi maka kamar ya fi kauri, ko da ba a taɓa komai a jikin sautin ba. Gwajin gaskiya shi ne a daidaita ƙarar, fedal a kunne da fedal a kashe su zo ɗaya, sannan a saurara. Wanda ya ƙi yi maka wannan a bidiyo, akwai abin da yake ɓoyewa.

Wajen biya ma ya yi mini dabarar da ya kamata a ce ta farkar da ni. Ya ce guda biyu suka rage, transistocin sun ƙare, wani ma yana kan layi. Sannan ya ce in tura kuɗin ta PayPal amma ta ɓangaren 'yan uwa da abokai, wai don kada a cire mana caji, shi kuma ya rage mini wani abu. Wannan ɓangaren ba shi da kariyar mai saye, domin kyauta ce kake aikawa a ƙa'ida, ba ciniki ba. Na san haka. Kwaɗayin ragin ne ya rufe mini ido, na yi cinikin biri a sama.

Kayan ya iso bayan mako uku, kuma in faɗi gaskiya akwatin ya yi kyau, da nauyinsa a hannu. Na sa batir mai volt 9, na jona, na taka. Ƙara ta ƙaru, tare da wani “shhh” da ba ya tsayawa, sautin kuma ya daɗa tsukewa kamar ana magana ta hanci. Na murɗa nan, na murɗa can, na canja waya, na canja batir. Na rubuta masa, ya ce in yi haƙuri, jamaniyam sai ta yi awa hamsin tana aiki kafin ta “nuna”. Bayan kwana biyu saƙona ya daina shiga.

Na ɗauke ta na kai wa wani dattijo mai gyaran amfilifaya da na saba da shi. Ya kwance sukurori huɗun ƙasa, ya ɗaga murfin, ya sa farce ya danna gam ɗin. Sai ya yi murmushi.

“Samari, wannan ai ba gam mai tauri ba ne. Na kyandir ne, wanda ake narkawa, aka zuba masa baƙi.”

Ya hura masa iska mai zafi na ɗan lokaci, ya sa bakin sukundireba ya ɗaga, gam ɗin ya taso gaba ɗaya kamar ɓawo. Transistar nan da na biya kuɗi dominta ta biyo shi. Ƙafafunta uku a yanke suke, gajeru, ba ɗigon dalma ko ɗaya a jikinsu. An dasa ta ne a cikin gam kamar fure a tukunya, ba ta haɗe da komai. A ƙarƙashi kuwa ga wani ɗan koren allo na masana'anta, da 'yan mitsi-mitsin kaya waɗanda inji ne kawai yake liƙa irinsu, an kankare sunan da ke gefe da takardar yashi, har ana ganin sawun kankarar. Allon wata fedal ce mai araha da ake bugawa dubbai, aka ciro shi daga gidansa aka sa masa sabuwar riga.

Na ce, “Baba, to ita transistar fa, ko ita ta gaske ce?”

Bai ce komai ba, ya jawo mitarsa ya juya ta zuwa wurin gwajin diyod, ya ɗora tsinkunan a ƙafafun. Ya juyo mini da fuskar mitar: 0.65. Ya ce jamaniyam takan nuna tsakanin 0.2 da 0.3, silikon kuwa 0.6 zuwa 0.7. Wato ko kan zabon ma na roba ne. Silikon ce ta yau da kullum aka shafa wa baƙin fenti aka buga mata lamba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo ne bayan nan, da dattijon ya tambaye ni wane amf, wato amfilifaya, nake amfani da shi. Na ce ƙarami ne mai transista. Ya ce to ko da a ce ta gaske aka aiko mini, da ba ta yi mini abin da nake so ba. OC44 ita ce aka sani a cikin wata busta mai suna Dallas Rangemaster, wadda aka yi a Ingila a tsakiyar shekarun 1960, kuma aikinta ta rage sautin ƙasa ta tura na sama. An yi ta ne don amf mai bawul, wato tsohon salo mai 'yan kwalaben lantarki a ciki, wanda sautinsa ya yi duhu kuma an riga an buɗe shi har ya fara gurnani. A can takan ba da sauti mai tsoka. A gaban amf mai tsabta irin nawa kuwa, kaifi za ta ƙara. Ashe tallar tun daga tushe ba ta tsaya da ƙafafunta ba, ni ne ban san abin da zan tambaya ba.

Nan ne yawancinmu muke faɗawa, don kalmar “kauri” kowa da abin da yake nufi da ita, su kuma 'yan damfara kalmar suke sayarwa. Busta tsantsa, irin LPB-1 da Electro-Harmonix suka fitar a 1968 da transista ɗaya tak, ko MXR Micro Amp mai maɓalli ɗaya, ba ta da wani sihiri. Ƙarfin siginar kawai take ɗagawa. A ma'aunin ƙarfin sigina, desibel 6 ninki biyu ne, desibel 20 ninki goma. Idan wannan ƙarfin ya daki amf mai bawul da ke bakin fashewa, amf ɗin ne zai matse sautin ya cika shi, shi ne kaurin da kake ji a faifai. Idan ya daki amf mai sauran sarari da yawa, ƙara kawai za ka samu, maƙwabta su ji daɗinka. Firiyam kuma, irin Xotic EP Booster da aka gina a kan sashen shigar sauti na tsohuwar na'urar amo Echoplex EP-3, takan ɗan rina sautin ta cika ƙasansa ko da ba ka ɗaga ta sosai ba. Tube Screamer ta Ibanez, wadda TS808 ɗinta ta fito a 1979, tana ɗaga tsakiya wajen hez 720 (hez ma'aunin zurfi ko kaifin sauti ne) amma tana zubar da ƙasa. A cikin taron kiɗa takan fito da kai gaba, a ɗaki kai kaɗai kuma wani zai ce ta rame.

Ni abin da ya warware mini matsala a ƙarshe, ikwalaiza ce, wato fedal mai ɗaga ko sauke sassan sauti daban-daban, mai layi bakwai, Boss GE-7, da wani aboki ya ara mini. Na ɗan ɗaga hez 400 da 800, na sauke 3,200 kaɗan, na koma fikof ɗin da ke kusa da wuyan jitar, na rage maɓallin ton na jikin jitar zuwa bakwai. Abin da na yi wata da watanni ina nema ke nan, rabinsa ma a jikin jitata yake tun farko.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Kwaikwayo a wannan harkar ba laifi ba ne. Soul Food ta Electro-Harmonix kowa ya san hanyar Klon ta bi, kuma sunanta na kanta ne a jikin akwatin. Akwai masu haɗa fedal da hannu da yawa, mutanen kirki, waɗanda za su gaya maka ƙarara cewa ga da'irar da suka bi, ga abin da suka canja, su turo maka hoton ciki a buɗe. Haka ita ma fedal mai arahar da aka ciro allonta, da sunanta aka sayar mini da ita a kuɗinta, da ban ce uffan ba. Zambar tana cikin kankare suna da dasa transistar ado.

Mutumin nan bai tsaya nan ba. A sabuwar tallarsa har da “Klon ta asali”, wai gadon wani ɗan uwansa ne, yana son rabuwa da ita da gaggawa a kan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da ake sayar da ita ba. Na ɗauki hoton na sa a binciken hoto na Google, sai ga shi a wata tsohuwar talla ta wani daban, da tabon da ke kusa da maɓallin tsakiya da komai. Bai ma da fedal ɗin. Duk wanda zai sayi tsohuwar fedal daga hannun wanda bai sani ba, ya ce masa ya rubuta wata kalma da ranar yau a takarda, ya ajiye kusa da ita, ya ɗauka gaba da baya da ciki, murfi a buɗe. Ya nemi bidiyon da aka daidaita ƙara, a kuma faɗa masa jita da amf ɗin da aka yi amfani da su. Ya biya ta hanyar da za a iya dawo masa da kuɗinsa idan kaya bai zo yadda aka faɗa ba, ko da cajin zai hau kansa. Mai gaskiya minti biyar wannan zai ɗauke shi. Na gwada wa mutumin da wani asusun dabam, na nemi takardar kawai. Ya ce kyamararsa ta lalace, amma in hanzarta, guda biyu suka rage.

Ga alamominsa ga wanda zai gamu da shi: akwatin ƙarfe mai maɓalli biyu, babu lambar siriyal, babu adireshi, hoton ciki kullum baƙin gam da transista ɗaya a tsaye, kuma ba ya yarda a yi magana a fili, sai ta saƙon sirri. Na kai rahotonsa a inda yake tallar, na haɗa da hotunan allon da aka kankare da na fuskar mitar. Akwatin kuwa na bar wa dattijon, ya ce zai haɗa mini LPB-1 ta gaske a ciki, tunda transista ɗaya ce da 'yan rezistoci da kafasita biyu.