Fulash ɗin fina-finan Denzel Washington: ya biya kuɗinsa, amma da gyara

Wani shagon tura fina-finai a unguwarmu ya fara haɗa fina-finan jarumi guda a fulash ɗaya, ni kuma na karɓi na Denzel Washington. Sun kyauta da suka jera su bisa shekarar fitowa, domin kana kallo kana ganin yadda mutumin ya ƙware a sana'arsa.

Jerin ya fara da Cry Freedom na 1987, inda ya fito a matsayin Steve Biko, ɗan gwagwarmayar Afirka ta Kudu da ya mutu a hannun 'yan sanda a 1977. Sai Glory na 1989, wanda ya kawo masa lambar yabon Oscar ta farko. Akwai wurin da ake zane shi da bulala a gaban 'yan'uwansa sojoji, bai ce uffan ba, ya kafe kwamandansa da ido har hawaye ya gangaro masa. Hoton ya fito tar, har tsofaffin tabon bulala da ke bayansa kana gani. Wannan wurin kaɗai ya isa a gane wane ne shi.

Inda raina ya ɓaci shi ne Malcolm X na 1992, tarihin Musulmin nan ɗan gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka. Fim ne na sama da awa uku, Spike Lee ya ba da umarni, har an ɗauki wani sashe a Makka lokacin aikin Hajji. Denzel ɗan fasto ne daga Mount Vernon a jihar New York, amma ya shiga rigar Malcolm ta zauna masa daram. To mai fassarar Hausa suka tura mini, kuma mai fassarar ya danne muryar jarumin gaba ɗaya, yana ta cusa barkwanci a tsakiyar jawabai. Rabin wasan Denzel a murya yake, yadda yake sassautawa kafin ya ɗaga. An raba ni da wannan.

Training Day na 2001, wanda ya ci Oscar ta biyu da shi a matsayin gurɓataccen ɗan sanda, lafiya lau yake, hoto da sauti. Fences na 2016 kuwa ba rubutun ƙasa (maganar 'yan wasa da ake rubutawa a ƙasan hoto), ga shi kusan dukkansa hira ce tsakaninsa da Viola Davis da sauran 'yan wasan a tsakar gida.

Babban giɓin shi ne ba ko kashi ɗaya na St. Elsewhere, shirin talabijin na asibiti da ya yi daga 1982 zuwa 1988 a matsayin Dakta Phillip Chandler, inda Amurkawa suka fara saninsa. Da na tambaya, yaron shagon ya ce, "Wallahi yallaɓai ba a nemansa, na harbe-harbe ake so." Shi ya sa suka cika wurin da The Equalizer har kashi uku.

Wanda zai saya ya sa a buɗe masa fulash ɗin a kwamfutar shagon tukuna, ya kuma ce a ba shi Malcolm X na asali mai rubutun ƙasa.