G47.3 ko 7A41: Lambar Yankewar Numfashi a Barci

A unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi, in matar gida ta ce Alhaji yana minshari sai ya yi tsit, can ya ja numfashi kamar wanda aka shaƙe, likita zai zargi yankewar numfashi a barci. Mai rubuta lambar cuta kuwa kundi 2 ne a gabansa.

Tsohon kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-10, shi ne wanda asibitocin Kumasi suka saba da shi wajen cike takardun NHIS, inshorar lafiya ta ƙasar Ghana. Lamba ɗaya ya ware, G47.3, a ƙarƙashin cututtukan jijiyoyi. Ko maƙogwaro ne ke toshewa, ko ƙwaƙwalwa ce ta daina aika umarnin numfashi, duk kanwar ja ce a wurinsa.

ICD-11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ya ba matsalolin barci babi nasu, na 7. Toshewar maƙogwaro 7A41 ce, ta ƙwaƙwalwa 7A40. A ganina wannan ya fi, don maganinsu ba ɗaya ba ne, amma yana ɗora wa likita nauyi. In fayil bai ce komai ba sai “yana minshari”, ba za a sa 7A41 ko 7A40 ba. Minshari alama ce kawai. Dole likita ya faɗi nau'in, a kuma ga sakamakon gwajin barci: sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu na daƙiƙa 10 zuwa sama a kowace awa. Daga 5 ake fara lissafi, 30 kuwa ciwo ya yi tsanani.