Sharhi: Tattakin gaɓar teku a tsibirin Madeira tare da ɗan jagora

Hanyar tattaki da ake kira PR8, wadda ke bin wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin teku, tana cikin waɗanda aka fi yi wa talla a Madeira, tsibirin nan na ƙasar Fotugal da ke cikin Tekun Atlantika, mahaifar Cristiano Ronaldo. Ni da maiɗakina mun bi ta lokacin hutu, ta hannun wani kamfanin yawon buɗe ido da ke kwasar mutane daga masaukinsu a birnin Funchal, ya haɗa su da ɗan jagora. Hanyar kam ba ta da makusa. Kamfanin ne dai da sauransa.

Ana soma tafiyar daga Baía d'Abra, gaba kaɗan da garin Caniçal, a can ƙuryar gabashin tsibirin. Kimanin kilomita 3 ne zuwa wani gida da ake kira Casa do Sardinha, sannan a juyo ta inda aka fito. Wanda ya saba ganin sauran sassan Madeira kore shar zai sha mamaki, don nan fayau yake, ba inuwa ko ta tsayuwar mutum ɗaya. Manyan tsaunukan tsakiyar tsibirin su ke tare gajimare, wannan zirin kuwa ba shi da tudu sosai, ga iska kullum tana bugunsa, shi ya sa ruwan sama ba ya wadatarsa.

Inda ya fi tsaya mini a rai shi ne wurin da ƙasar ta tsuke, teku dama da hagu. Ta arewa igiyar ruwa na dukan gindin dutse har ka ji ƙarar a ƙirjinka, ta kudu kuwa ruwan kwance lamo, sai ka ce ba teku ɗaya ba. Jikin duwatsun ja ne da ruwan ƙasa, da wasu baƙaƙen layuka da suka ratsa su daga sama har ƙasa. Ɗan jagoranmu ya dafa ɗaya ya ce narkakken dutse ne da ya kutso ta tsagogi zamanin da tsibirin ke aman wuta, ya daskare a haka. Da mu kaɗai ne, da mun wuce ba mu kula ba. An gitta wayar ƙarfe a wurare masu haɗari, kuma ta yi mana rana, domin iskar wurin ba ta wasa: maiɗakina hannu ɗaya a waya, ɗaya riƙe da mayafi. Ga kuma 'yan ƙadangarun wurin marasa kunya, kana zama ka buɗe jaka sun hau takalminka.

Ɗan jagoran ya san aikinsa. Shi ya faɗa mana cewa sunan zirin, São Lourenço, sunan jirgin ruwan João Gonçalves Zarco ne, wani matuƙi ɗan Fotugal da ya iso tsibirin a 1419. Ya nuna mana tsibiran Desertas daga nesa, da hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1870 a kan wani ɗan tsibiri da ke bakin zirin.

Matsalar tsarin kamfanin ce. Motar ta yi ta zagayen otal-otal tana ɗibar mutane, kafin mu isa rana ta take, wurin ajiye motoci ya cika maƙil, a wuraren da hanya ta matse har layi ake yi. A tallarsu sun rubuta cewa tafiya ce mai sauƙi, alhali hawa da gangara ne a kan matakala kusan daga farko har ƙarshe. Wata dattijuwa a ayarinmu ta jigata ƙwarai, kuma da an gaya mata gaskiya tun farko da ta san shirin da za ta yi. Abin da ya fi ɓata mini rai, da muka kai gindin Pico do Furado, tudun ƙarshe da ake hango komai daga kansa, sai aka ce lokaci ya ƙure, direba na jira.

Mai son sanin tarihi da labarin duwatsu, ɗan jagora zai amfane shi, amma ya tambayi ƙarfe nawa za a isa bakin hanyar kafin ya biya. Wanda kallo kawai ya kawo shi ba ya buƙatar kowa: hanyar ɗaya ce, da alamomi, kuma akwai bas daga Funchal da ke kaiwa har Baía d'Abra. A yi sammako, a sa takalmi mai riƙe ƙasa, a ɗauki isasshen ruwan sha da hula mai igiya.