Wata uku a ajin horon iyo na rukuni a Damagaram

Kamar yawancin yaran da suka tashi a gefen Birni, a tafki na koyi iyo lokacin damina, duk da faɗan iyaye da tsoron cutar tsargiya. Shi ya sa da na yi rajista a ajin horon iyo da ake gudanarwa a pisin, wato ginannen wurin iyo, na wani otal a cikin gari, na shiga da tunanin cewa sauri kaɗai za a ƙara mini. A ranar farko malamin ya sa na ratsa pisin ɗin sau ɗaya yana ƙirga bugun hannuna, da na fito sai ya ce: "Malam, ƙarfi kam akwai shi, amma kokawa kake yi da ruwan, kuma ba a taɓa jin wanda ya kada ruwa ba."

Bayaninsa ya gamsar da ni. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, saboda haka duk lokacin da mai iyo ya ɗaga kai don ya shaƙi numfashi, kwankwasonsa da ƙafafunsa sukan nutse, sai ya koma jan jikinsa kamar mai jan buhun gero. Mako uku na farko ba a yi mana zancen sauri ko sau ɗaya ba. An koya mana fitar da numfashi a cikin ruwa, da kallon ƙasan pisin maimakon gaba, da juya kai gefe ta yadda ido ɗaya zai kasance a cikin ruwa, da shaƙar iska bayan kowane bugu uku domin ɓangarorin jiki biyu su daidaita. Mun kuma sha riƙe allon roba muna bugun ƙafa daga kwankwaso, ba daga gwiwa ba. Darussan nan suna da gundura, har mutum biyu suka daina zuwa, amma a ganina su ne suka fi cancantar kuɗin da na biya.

Amfanin rukuni ya fito ne da aka shigo da agogo. Mu takwas ne, an raba mu layi biyu gwargwadon ƙwarewa, kowa yana tashi daƙiƙa 5 bayan na gabansa, a ratsa pisin sau takwas da hutun daƙiƙa 20 a tsakani. Da ni kaɗai ne, da na jingina da bango har sai numfashi ya dawo mini sarai, amma idan mutum ya san na bayansa zai taɓa masa ƙafa, kunya kan hana shi lalaci. Gyaran da malamin yake yi wa wani ma yakan shafi kowa, domin kuskurenmu kusan iri ɗaya ne. Bugun hannuna a ratsawa ɗaya ya sauko daga 27 zuwa 20, kuma ina isa bango ba tare da haki ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Pisin ɗin gajere ne, bai kai mita 25 ba, balle mita 50 na gasar Olamfik. Malamin kan tuna mana cewa Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini, wanda ya yi iyon mita 100 shi kaɗai a gasar Olamfik ta Sidni a shekarar 2000, a pisin ɗin otal ya yi atisaye, sai dai wannan bai rage mana yawan juyawa a bango ba. Sau biyu aka soke darasi saboda ruwan ya yi duhu kuma ba a samu na canji ba, matsalar da duk mazaunin Zinder ya saba da ita. Iyon rigingine an koya mana shi sosai, iyon kwaɗo kuwa an taɓa shi sama-sama. Abin da ya fi damuna shi ne rashin lokaci na musamman ga mata, domin ƙanwata ta so shiga, amma babu yadda za a yi ta haɗu da maza a ruwa ɗaya.

Wanda yake da niyya ya sayi tabarau na iyo tun kafin ranar farko, saboda sinadarin tsabtace ruwan yana cin ido. Ya kuma fara a watan Maris idan zafi ya shigo, domin ni a Disamba na fara, kuma ruwan ƙarfe bakwai na safe a tsakiyar hunturu ya kusa sa ni bin sahun mutum biyun nan.